Ɗaukar hoton manoma, masu abinci da masu sana'ar hannu a Legas: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sun fito ne daga bakin mutane iri biyu. Akwai matasa masu sha'awar ɗaukar hoto da suke tare ni a Agege ko su turo saƙo ta WhatsApp. Akwai kuma su kansu masu sana'ar da nake zama a rumfunansu da kyamara, kuma tambayarsu ta fi ta matasan kaifi. Na tattara su wuri guda na amsa iyakar abin da aikin ya koya mini.

Wane irin hoto ne wannan, kuma me ya raba shi da hoton biki ko na situdiyo?

A wurin biki mutum yakan ci ado, ya gyara tsayuwa, ya biya ka don ka fito da shi fes. A nan kuwa ba wanda zai sake riga saboda kai. Kai ne za ka je ka tarar da aiki yana gudana, ka ɗauke shi yadda yake, don wanda bai gani ba ya gani, wanda za a haifa nan gaba kuma ya san yadda aka yi.

Kuma ba hoto ɗaya ake nema ba. Ɗauki kilishi. Yawancin masu saye ba su san komai ba sai jan fallen da ake naɗe musu a takarda. Amma kafin nan akwai zaɓen tsoka marar kitse, akwai fiɗar naman da wuƙa har ya zama falle-falle ba tare da ya yage ba, akwai shanyar farko, akwai haɗa labu da tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, akwai tsomawa, akwai shanya ta biyu, sannan a nuna wa garwashi. Kowane mataki da hannun da yake yin sa, da lokacinsa. In ka ɗauki fallen ƙarshe kaɗai, talla ka yi. In ka bi matakan nan bakwai, ka rubuta sunan kowanne, to ka ajiye wa jama'a ilimi.

Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki a nan Legas ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hoton kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan hotuna dubu. A lokacin mutane da yawa ba su ga abin ɗauka a ƙeyar mace ba. Yau akwai kitson da sai a hotunansa za a gan shi.

Me ya sa ka tsaya a kan Hausawan Legas?

Saboda garin nan yana cin abinci daga hannunmu, amma bai cika ganin fuskarmu ba sai ranar tashin hankali. Tumatir da attaruhu da albasa da ake saukewa a Mile 12 tun kafin asuba sun yi tafiyar kusan kilomita dubu daga Kano da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba, da ragunan Alaba Rago, da tsiren da ake ci a Obalende da daddare, da shayin da ɗan dako yake karya kumallo da shi, duk akwai hannun ɗan Arewa a ciki. Zaman kuwa ba na jiya ba ne. Cinikin goro da layin dogo su ne suka kafa zangon Hausawa a Agege, kuma dogon ya isa Kano tun 1911. Akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a nan aka haife su, Yarabanci a bakinsu kamar Hausa.

To amma je ka nemi hoton waɗannan mutane. Abin da za ka fi samu shi ne rikicin Idi-Araba na 2002, da rufe kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016, da baburan 'yan acaɓa da aka tara bayan hanin 2020 da na 2022. Waɗannan abubuwa sun faru, ba wanda ya ce a ɓoye su. Sai dai in su kaɗai ne aka adana, jikanmu zai tashi ya ɗauka kakansa bai zo Ikko yin komai ba sai gudu da kuka. Fati Abubakar ta ga irin wannan a Maiduguri, inda duniya ba ta san garin da komai ba sai bom, ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwanni da makarantu da gidajen biki. Abin da ta yi wa Borno muna bukatar irinsa a Agege da Idi-Araba.

Ga kuma gaggawa. Legas ba ta jira. Wanda ya san Agege kafin a buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, da kafin jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki a 2024, ya san rumfuna nawa aka ɗaga. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa yau da wuya ka ga teburin mai tsire ba lambar asusu rubuce a jikin kwali. Hana robar zuba abinci mai kumfa da gwamnatin jihar ta yi a Janairun 2024 ya sauya abin da mai masa take zuba wa mutane a ciki. Irin waɗannan sauye-sauye ba wanda yake rubuta su, hoto ne kaɗai yake riƙe su.

Wai da gaske akwai noma a cikin Legas?

Akwai, kuma da yawa daga cikin masu yin sa 'yan uwanmu ne. Bi hanyar Badagry wajen Ojo da Iyana-Iba, ko ka leƙa gefen fadamu da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki a bayan unguwanni, za ka ga fangali-fangali na alayyahu da lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, da latas da albasa mai ganye da ugu. Noman lambu ne irin na gida, sai dai ƙasar rairayi ce, takin kuma yawanci kashin kaji ne da ake sayowa buhu-buhu. Ana haƙa 'yar rijiya marar zurfi a tsakiyar gona, mutum ya cika gwangwanayen ban-ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu, ya bi fangali yana yayyafawa safe da yamma. Ganyen ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni an cire an sake shuka, shi ya sa gonar ba ta taɓa zama iri ɗaya ba in ka koma.

Abin da na fi so a ɗauka a lambu shi ne ciniki. Matan kasuwa, yawanci Yarabawa da Inyamurai, sukan zo da sassafe su sayi fangali sukutum, su tuge ko su yanka da kansu, su ɗaure dami-dami. A nan za ka ga manomi Bakatsine da 'yar kasuwa Bayarabiya suna ja-in-ja da harshe uku a haɗe, kuma sun shekara suna hulɗa, har bashi yana shiga tsakaninsu. Wannan zaman tare ne na ainihi, kuma ba ya zuwa jarida.

In ka fita wajen Ikorodu da Epe da Badagry gonakin sun fi girma: rogo, kwakwa, kiwon kaji da tarwaɗa. Can masu gonakin yawanci 'yan ƙasa ne, namu kuwa ƙwadago suke yi. Su ma sun cancanci hoto, da sunansu.

Ta yaya ake neman izini?

Ta ƙofa ake shiga. Kowace kasuwa da shugabanta, kowace sana'a da babbanta. A unguwannin Hausawa akwai Sarkin Hausawa da fadawansa, mahauta suna da Sarkin Fawa, 'yan gwari da 'yan goro da masu shayi suna da ƙungiyoyinsu, a kasuwannin Yarabawa kuma akwai Iyaloja da Babaloja, wato uwar kasuwa da uban kasuwa. Ka je ba kyamara a wuya. Ka yi sallama, ka cire takalmi inda ake cirewa, ka gaisa yadda ya kamata, ka faɗi sunanka da garinku da wanda ya san ka. Sannan ka ce: «Ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar hoto ne, ina so in adana yadda mutanenmu suke neman halaliyarsu a garin nan. In an yarda zan riƙa zuwa, in ba a yarda ba na gode.» Ka tafi da hotunan da ka taɓa ɗauka, waɗanda aka wanke a takarda, a riƙe a hannu a duba.

Amma yardar shugaba ba ta ɗauke maka neman yardar mutum ba. Shugaba ya buɗe maka kasuwa ne kawai, fuskar kowa tasa ce. Don haka a kowace rumfa sai ka sake: «Baba, sannu da aiki. Ko zan iya ɗaukar hotonka kana wannan ɗinkin?» Ka gaya masa inda hoton zai je: Facebook ne, ko Instagram, ko bango a wurin baje koli, ko jarida. Mutane da yawa za su yarda a rataye hotonsu a bango amma ba za su yarda ya shiga waya ba, domin abin da ya shiga waya gobe yana ƙauyensu. Akwai wanda iyalinsa a gida ba su san dako yake yi ba, ko wankin takalmi. Wannan sirrinsa ne, kuma ba kai za ka tona shi ba.

In aka ce a'a, ka ce «Allah ya ba da sa'a», ka wuce, kada ka ɗauka daga nesa.

Wani ya ce mini hoto haramun ne. Me zan ce masa?

Kada ka yi musu da shi. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara: wasu sun hana sai da larura kamar fasfo da katin shaida, wasu sun halatta muddin abin da aka ɗauka ba haramun ba ne. Kai ba fatawa ka je bayarwa ba. Ka tambaye shi ko zai yarda ka ɗauki hannunsa da kayan aikinsa ba fuska. Sau da yawa ana yarda da wannan, kuma a sana'ar hannu dama rabin labarin a yatsu yake. In wannan ma bai yarda ba, shi ke nan.

Matan da suke sana'a a cikin gida fa?

Nan ne babban giɓin yake. Dambun nama, alkaki, dubulan, nakiya, tuwon madara, ƙuli-ƙuli, yajin da mai tsire yake taƙama da shi, kunun aya da zoɓon da ake sayarwa a gora, awara, masa: kaso mai yawa a cikin ɗaki ɗaya ko tsakar gidan haya ake yin su, kuma mata ne suke yi. Da wannan kuɗin ake biyan kuɗin makaranta, ake zubin adashi, ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Amma da yake ba a bakin titi suke ba, kamar babu su.

Namiji baligi ba zai kutsa gidan matan aure da kyamara ba, kuma bai kamata ya nema ba. Wannan aikin 'yan uwanmu mata ne, shi ya sa duk yarinyar da ta tambaye ni ko mace za ta iya wannan sana'a nake ce mata ita ce ma aka fi bukata. Ita za ta zauna kusa da tanda tun ana zuba ƙullu, ta ce «Inna, juya a hankali in gani», ta ɗauki abin da ni har abada ba zan gani ba. Izinin farko na matar ne ita kanta. Bayan nan a bi tsarin gidan, a sanar da maigida, don kada hoto ya jawo mata magana bayan an tafi. A bar ta ta gyara lulluɓinta yadda take so, a nuna mata kowane hoto, wanda ta ce a goge a goge a gabanta.

Ana biyan mutum kafin a ɗauke shi?

Ni ba na sayen hoto da kuɗi, domin da zarar an fara haka mutum zai daina aikinsa ya koma yi maka wasan kwaikwayo, gobe kuma duk wanda ya zo sai an ce ya biya. Amma ba na zuwa hannu rabbana. Ina sayen abin da ake sayarwa a farashinsa, ba ragi. In na tsayar da mutum daga aiki don ya yi mini bayani mai tsawo, na ci lokacinsa, to wannan ina biya, kuma ina faɗa tun farko. Abin da ya fi duka kuwa shi ne komawa da hoton a wanke. Dattijon da ya shekara talatin yana ɗinkin hula, wanda hotonsa ɗaya tak a duniya shi ne na katin zaɓe, ka miƙa masa hotonsa yana kan aiki, za ka ga yadda zai riƙe shi.

In kuwa kamfani ne ko wata ƙungiya ta ɗauke ka aiki, ko za a sa hoton a talla, maganar ta sauya. A nan dole a rubuta yarjejeniya, a karanta wa mutum da Hausa, a biya shi.

Wayata za ta isa, ko sai na sayi kyamara?

Fara da wayar. Da rana tana yin aiki mai kyau, kuma ba ta tsorata mutane. Ka goge gilashinta kafin kowace ɗauka, musamman kusa da mai da hayaƙi, ka matsa da ƙafarka maimakon jawo hoto da yatsa. In Allah ya hore kyamara, ko ta hannu ce, gilashi ɗaya mai 35mm ko 50mm ya ishe ka shekaru. Dogon gilashi yana koya wa mutum laɓewa daga nesa.

Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne laimar Legas tana kashe kayan aiki. Gilashin da aka bari a jaka a ɗaki mai danshi yakan yi fumfuna daga ciki, gyaransa kuwa da tsada. Ka ajiye kayanka a robar da take rufuwa ruf, da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Leda babba a aljihu saboda ruwan bazata, da fawa-banki saboda wuta.

Wane lokaci ne ya fi kyau?

Lokacin da aikin yake, ba lokacin da ya yi maka daɗi ba. Sauke kaya a Mile 12 aikin dare ne zuwa asuba, mai koko da ƙosai kafin ƙarfe 9 ta kusa tashi, mai tsire sai bayan la'asar yake hura wuta. A Legas rana tana fitowa tsakanin 6:30 da 7 kusan duk shekara, ta faɗi kusan irin wannan lokacin da yamma, kuma sa'a guda bayan fitowarta da sa'a guda kafin faɗuwarta su ne hasken da ya fi tausasa wa baƙar fata. Tsakar rana tana zurma ido cikin inuwa, sai dai ka shiga rumfa. Ranar hadari a watan Yuni ko Yuli kada ka zauna a gida, domin gajimare yana baje haske, koren lambu kuma ya fito sosai. Ka lura da rumfunan da aka rufe da tamfol shuɗi ko ja, suna rina fuska da nama da launin da ba nasu ba.

Watan azumi da kwanakin kafin babbar salla su ne lokacin da sana'o'inmu suka fi cika: teloli ba barci, masu wankin hula sun jera huluna a rana, turakun raguna sun cika. Amma lokacin ne kuma mutane ba su da sukunin yi maka bayani. Ka riga ka saba da su tun watanni kafin nan.

Yaya zan ɗauki mai tsire da daddare hoton bai yi duhu ko dishi-dishi ba?

Kashe filasha. Tana kashe jan garwashi, ta mai da hayaƙi farin bango, ta kuma kori masu saye. Yi aiki da hasken da yake wurin: ƙwan da aka rataya, da fitilar caji, da wutar tukuba. Tsaya ta yadda hasken zai bugi hayaƙin daga baya ko daga gefe, a nan ne yake fitowa da kyau. Jingina gwiwar hannunka a tebur ko bango. In kyamara ce, buɗe gilashin sosai, ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara take jin haske da shi, ba tsoro, kada saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/125 na daƙiƙa in kana son wuƙa ta tsaya cak. In kuwa so kake a ga saurin hannun, sassauta shi kaɗan, hannu ya yi inuwa-inuwa, fuska ta tsaya.

Kuma ka zo da wuri. Soke nama a tsinke, da barbaɗa ƙuli, da jera tsinkaye, duk da sauran hasken rana ake yin su, kuma ba kowa ne ya taɓa ganinsu ba.

Masu sana'ar hannu suna cewa za a sace musu zane. Gaskiyarsu ce?

Gaskiyarsu ce. Baduku ya ɓata kwanaki yana fitar da sabon yanka na jaka ko takalmi, wani ya ɗauka a waya, kafin wata ya zagayo an cika kasuwa da irinsa. A kasuwar kayan gargajiya ta Lekki da ke wajen Jakande, inda 'yan Arewa da yawa suke sayar da kayan fata da duwatsun ado da sassaƙa, za ka ji wannan ƙorafin. Don haka ka tambaya: wanne ne sabo da ba a so ya fita? Ka bar shi. Haka ma haɗin yaji. Kowane mai tsire da sirrinsa, in ya ce ka juya baya lokacin awo, ka juya.

Abin da ya rage ma ya ishe ka. Dubi hula kaɗai: zanna bukar da kube da damanga, yawanci a Arewa ake ɗinka su, mace ko namiji ya yi makonni a kan guda ɗaya da allura da zare, amma a nan ake wanke su, a sa sitati, a ɗora a kan itacen da ke fitar da siffarsu, a shanya. Dubi aikin wuyan babbar riga, aska biyu ko aska takwas, yadda ake fara zana shi a kan yadi kafin allura ta bi. Dubi mabuga su biyu suna fuskantar juna a kan gungume, suna dukan shadda har ta yi ƙyalli. Dubi 'yan goro suna ware marsa daga minu, suna shimfiɗa ganye a huhu don kada goron ya bushe. A kowanne ka ɗauki wurin gaba ɗaya don a ga inda ake, ka ɗauki mutumin, ka ɗauki hannun kusa-kusa, ka jera kayan aikin ka ɗauke su, ka kuma nemi yaron da yake koyo, domin shi ne zai nuna ko sana'ar tana da gobe.

Zan iya gyara wurin, ko in goge wani abu a kwamfuta?

Ƙara haske ko rage shi, daidaita launi, yanke gefe, duk babu laifi. Cire abu ko ƙara abu kuwa ya fitar da hoton daga wannan layi. Gasar hotunan jarida ta duniya, World Press Photo, wadda Akintunde Akinleye ya ciwo wa Najeriya a 2007 da hoton gobarar bututun mai ta Abule Egba, tana korar duk hoton da aka yi wa haka. Kada ka ce wa mai fura ta sauya robarta da ƙwarya don ya fi kama da gargajiya. In da roba take damu, da roba za a gan ta, wannan shi ne zamaninta.

Tambayar da ke bayan wannan ita ce ta tsabta: kwata a gefen rumfa, ƙuda a kan nama. Ba na goge su, kuma ba na farautarsu. In labarin da nake bayarwa na rashin ruwa da magudana ne a kasuwa, zan nuna, in kuma faɗi wanda alhakin gyaran yake wuyansa. Amma in ɗauki ƙuda ɗaya in maƙala wa sunan bawan Allah ɗaya, in kashe masa kasuwa, wannan zalunci ne.

Me ake rubutawa a ƙarƙashin hoto?

Suna, in mai shi ya yarda, yadda yake so a kira shi. Garin asali, sana'a, wurin wanda ya koya, abin da yake yi a daidai wannan lokacin, unguwa, wata da shekara. Sunayen kayan aiki da Hausa yadda shi ya faɗe su. «Wani ɗan Arewa a kasuwa» ba bayani ba ne. Riƙe ƙaramin littafi, ko ka naɗi muryarsa a waya da izininsa, ka rubuta a daren, domin bayan mako guda sunaye sukan cakuɗe. Farashi ma ka rubuta: kuɗin kwandon tumatir, kuɗin tsinken tsire, kuɗin wankin hula ɗaya. Nan da shekara ashirin wannan layin zai fi hoton ba mutane mamaki.

Hoto zai iya cutar da wanda aka ɗauka?

Ƙwarai. Yawancin masu lambu ba su da takardar filin da suke nomawa, aro ne ko haya ta baki, wasu a gefen filin hukuma. Dokar jihar Legas ta hana talla a kan titi, kuma jami'an da ake kira KAI suna kwashe kaya. Hoton da ya nuna ainihin kwanar da mutum yake zai iya zama jagora gare su, ko ga masu neman filin gini. Saboda haka kashe alamar wuri a wayarka, ka ambaci yanki kawai ba lungu ba, ka kauce wa allon titi a bayan mutum. Yara masu talla kada ka ɗauke su sai da yardar iyaye ko wanda suke hannunsa, kuma kada ka haɗa fuskar yaro da sunansa da unguwarsu a intanet.

Kai ma ka kula da kanka. Wasu lambunan suna maƙwabtaka da barikin soja, kamar a Ojo, kuma ba a ɗaga kyamara ta fuskar bariki ko tashar jiragen ruwa. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama. In 'yan tasha suka tare ka suna neman kuɗin ƙasa, kada ka yi gardama kai kaɗai, koma wurin wanda ya karɓe ka a kasuwar ya yi magana.

Hoton na wane ne, nawa ko na wanda na ɗauka?

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, hoto na wanda ya ɗauka ne, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma kariyar tana kai shekara 50. Amma akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, ga sashe na 37 na tsarin mulki da ya kare sirrin ɗan ƙasa. Wato mallakar hoton ba ta ba ka damar yin abin da ka ga dama da fuskar mutum ba. Ni ƙa'idata ita ce duk wanda na ɗauka yana da kwafinsa kyauta, ya tallata sana'arsa da shi yadda yake so, in kuma wata rana ya kira ya ce in sauke hotonsa daga intanet, zan sauke.

A ina ake nuna irin wannan aiki, kuma ana samun abin kai wa baki da shi?

Legas tana da wurare. Bikin LagosPhoto, wanda Azu Nwagbogu ya fara a 2010, yana tara masu hoto daga ƙasashe da dama. Cibiyar fasahar zamani ta CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007 tana da ɗakin karatu mai littattafan hoto da ya kamata duk mai koyo ya leƙa. Amma ni ina ganin wurin farko da ya kamata a rataye hoton masu lambu shi ne kusa da lambun, na mahauta kuma kusa da mahauta. Igiya da 'yan maƙalai da inuwar rumfa sun isa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Su ne za su gaya maka in ka rubuta sunan wuƙa ba daidai ba.

Maganar kuɗi kuwa, da wuya wannan kaɗai ya riƙe gida, musamman a farko. Yawancinmu da hoton biki da suna da na kayan 'yan kasuwa muke biyan haya, mu ware wasu ranaku don wannan. Jaridu da ƙungiyoyin da ke aiki kan noma da abinci sukan sayi hoto ko su ba da aiki, kuma wanda suke nema shi ne mai jin harshen mutanen, wanda aka sani aka yarda da shi.

Yaya zan adana hotunan kada su ɓace?

Kada ka bar su a waya kaɗai, kuma kada ka dogara da WhatsApp, yana rage ingancin hoto. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya da ke wani gida daban, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Sa wa kowace jakar hotuna da ke kwamfuta suna da shekara da wata da wuri da sana'a, misali 2025-03 Agege wankin hula, ka ajiye bayanan ƙarƙashin hoto a cikin jakar tare da su. Waɗanda suka fi kyau ka wanke su a takarda duk ƙarshen shekara, ka rubuta suna da kwanan wata a bayansu da fensir, domin tawadar biro tana cin takarda ta ɓullo ta gaba. Ka sa su a leda mai zif nesa da bango mai danshi, ka kuma nuna wa wani amintacce a gidanku inda suke da yadda ake buɗe ma'ajiyar.